Yadda ake amfani da tataccen man ƙamshi a gida ba tare da an cutu ba

Duk wadda ta taɓa tsayawa kusa da mai lemo yana fera, ta san ɗan feshin nan da ke tashi daga ɓawon, wanda in ya faɗa ido sai an yi hawaye. To wannan feshin shi ne man ƙamshin lemo, kuma irinsa ake tarawa a ɗura a 'yan ƙananan kwalabe masu duhu, a rubuta essential oil a jiki. Yanzu kwalaben nan sun cika shagunan turare da shafukan masu talla a Instagram da WhatsApp, tare da na'urar nan mai fitar da hazo da ake kira difuza. Mu dama mutanen ƙamshi ne, gidan da babu kasko da turaren wuta ai da saura. Sai dai sabon da muka yi da turaren wuta da humra shi ke sa a yi wa wannan man riƙon wasa, a tsiyaya shi yadda ake tsiyaya su, alhali shi da ɗigo ake ƙirga shi.

Mataki na farko: ki san abin da ke cikin kwalbar

Abu uku ne muke kira mai a wannan harka, kuma rikita su shi ne tushen yawancin ɓarnar. Akwai man da ake matsewa daga ƙwaya ko iri, irin su man zaitun, man riɗi, man kwakwa da man habbatus sauda. Waɗannan masu maiƙo ne, in kin zuba a faranti kika bar su nan za ki dawo ki same su. Akwai turaren mai, wanda galibi a masana'anta ake harhaɗa shi, a jikinsa za ki ga fragrance oil ko perfume oil. Sannan akwai tataccen man ƙamshi, wanda muke magana a kai. Shi ba shi da maiƙo sosai, yana bin iska, in kin bar murfin a buɗe zai yi ta raguwa.

Yadda ake samun sa shi ke nuna ƙarfinsa. Ana cika babbar tukunya da ganye ko fure ko saiwa, a tura tururi ta cikinsu, tururin ya kwaso ƙamshin ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, sai ɗan man ya taso sama a kwashe. Ruwan da ya rage a ƙasa, in fure wardi ne, shi ne ruwan wardin da alhazai ke tsarabarsa. Haka ake yi a Ɗa'ifa duk shekara in furen ya nuna. Kafin a sami kilo 1 na man wardi sai an dafa furen da ya kai tan 3 zuwa 5. Labanda, wani tsiro mai fure ruwan shunayya, ta fi arha don ta fi ba da mai, amma ita ma kilo 100 na furenta abin da yake bayarwa bai wuce kilo 1 da ɗan wani abu ba. Na lemo da lemun tsami su kuma matse ɓawon ake yi. Idan mai talla ta ce miki ai daga tsiro ne, ba ya cutarwa, gaskiya ne daga tsiro yake, amma tsiron da aka tattara buhu-buhu aka matse a kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba.

Amfaninsa kuma a faɗe shi iya gaskiyarsa. Ƙamshin labanda yana taimaka wa wasu su sami natsuwa su yi barci. Na'a-na'a da man bishiyar turare suna sa mai mura ya ji hancinsa ya buɗe. Na lemo yana wartsake ɗaki. Iyakarsa ke nan. Ba ya maganin maleriya, ba ya maganin taifot, ba ya sauke hawan jini ko suga, kuma man sitronela da ake cewa yana korar sauro ƙarfinsa na ɗan lokaci ne, ba zai kai ki asuba ba. Gidan sauro yana nan a matsayinsa.

Mataki na biyu: saye

Ki juya kwalbar ki karanta. Abin kirki yana zuwa ne a kwalbar gilashi mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗiya, da ɗan toshi a baki wanda ke fitar da man ɗigo-ɗigo. Ya kamata a ga sunan tsiron na kimiyya: Lavandula angustifolia ita ce labanda ta ainihi, Mentha piperita na'a-na'a, Eucalyptus globulus bishiyar turare, Melaleuca alternifolia shi ne wanda ake rubuta wa tea tree, Syzygium aromaticum kuma kanumfari. Wannan suna yana da amfani, don akwai 'yar'uwar labanda mai arha, Lavandula x intermedia, wadda ta fi yawan sinadarin kafur, ƙamshinta ya fi kaifi, ba ita ake so a ɗakin barci ba. A duba ƙasar da aka yi shi, da ranar da aka tace ko ranar lalacewa. Kalmomin talla irin su therapeutic grade kada su ruɗe ki, babu wata hukuma da ke ba da wannan shaida, kamfanoni ne ke rubuta wa kansu.

Farashi ma yana tona asiri. In kika ga jerin kwalabe, wardi da sandal da oud da lemo duk kuɗi ɗaya, to turare ne aka harhaɗa. Ba laifi ba ne a saya don ƙamshi in an san abin da aka saya, amma ba shi ba ne.

Akwai ɗan gwajin da za ki yi a gida. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ki ajiye har gobe. Mai sauƙi irin na labanda ko na'a-na'a zai bushe ya tafi. In ya bar da'irar maiƙo, an sirka shi da wani man. Gwajin bai kama turaren masana'anta ba, kuma masu kauri irin su sandal suna barin tabo ko da na gaske ne, don haka taimako ne kawai.

Shawarata ga mai farawa, kwalba biyu sun isa: labanda da lemon zaƙi. Su ne suka fi sauƙin sha'ani. Kanumfari da girfa a bar su sai hannu ya faɗa.

Mataki na uku: ki ƙirga mutanen gidan

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci, don ƙamshi in ya tashi kowa ke shaƙa, ba mai kwalbar kaɗai ba.

Jariri: ɗakin da jinjiri yake kwana ba a kunna difuza a ciki, ba a shafa masa, ba a ɗiga masa a kaya ko a ruwan wanka. Na'a-na'a da man bishiyar turare da duk abin da ke da kafur suna iya sarƙe numfashin ƙaramin yaro in sun kusanci hancinsa. Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu musamman. Yara da yawa a Afirka ta Yamma, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadari na jajayen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma iyaye ba sa sani. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi cewa hoda da man shafawa masu mentol, da ƙwallayen kafur ɗin da ake jefawa a akwatin kayan jarirai, suna iya fasa jinin irin waɗannan yara su jawo shawara mai tsanani. Mentol ɗin nan kuwa shi ne babban abin da ke cikin man na'a-na'a. Mai jego ma kada ta shafa a ƙirji ko wuya, inda fuskar yaro ke kwanciya.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a bar fatarsa da man kaɗanya ko na kwakwa zalla. Daga 2 zuwa 6 ana iya labanda a sirke sosai, za mu zo ga lissafin. Na'a-na'a da man bishiyar turare kuwa a nisanta su daga fuskar yaro har ya kai wajen shekara 10.

Mai asma, ƙamshi mai ƙarfi kowane iri yana iya tayar masa da ciwon. In akwai shi a gidan, a tambaye shi, a fara da ɗigo ɗaya a auduga daga nesa, in ya fara tari ko ƙirjinsa ya yi nauyi a haƙura gaba ɗaya. Mai farfaɗiya ko yaron da ya taɓa jijjiga a nisanta shi da kafur, man bishiyar turare, da man tsirran da ake kira rosmeri da fenel. Mai juna biyu ta bar shafawa a wata ukun farko, bayan nan ma sai ta yi magana da ma'aikatan awo. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kada ya taɓa wanda ake rubuta wa wintergreen.

Sai dabbobi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa sinadaran da ke cikin irin wannan man, suna taruwa a jikinta su zama guba. Tsuntsaye kuma huhunsu ba ya jure wa abin da ke yawo a iska. In kina da aku ko kanari a keji, ko ɗakin tattabaru na jikin tagarki, ki kai na'urar wani ɗakin. Kyanwa a bar mata ƙofa a buɗe ta fita in ta ga dama.

Mataki na huɗu: shaƙa

Ta hanci ita ce hanyar da ta fi aminci, kuma yawancin abin da ake nema a nan ake samunsa.

Mafi sauƙi ba ya buƙatar wuta ko na'ura. Ki ɗiga ɗigo 1 ko 2 a auduga ko tishu, ki ajiye a kan durowar gefen gado ko a aljihun jaka. Ba a ɗigawa a kan matashin kai daidai inda ido da kunci ke kwanciya. Gutsuren tukunyar ƙasa da ba a shafe ta da fenti ba ma yana shan man ya riƙa sakinsa a hankali, ki ɗora shi a ɗan faranti a inda yaro ba zai kai ba.

In difuza ce, ga yadda ake yi. Ki zuba ruwa mai tsabta zuwa layin da aka zana a ciki, kada ya wuce. A kowane mililita 100 na ruwa ɗigo 3 zuwa 5 ne ƙa'ida, amma a ƙaramin ɗaki ki fara da 2. Ki ɗora ta a kan tebur ko kanta, nesa da fuskar mai kwanciya, wayarta kuma kada ta yi reto inda mai rarrafe zai jawo. Ki ɗan buɗe taga ko ƙofa. Ki kunna minti 30, in ya yi yawa awa 1, sannan ki kashe ta huta kamar haka. Ba a kwana da ita a kunne.

A nan ne ake yawan zarcewa. Bayan kamar kwata na awa za ki ji kamar ƙamshin ya tafi, hannu ya kai ga kwalba a ƙara. Bai tafi ba, hancinki ne ya saba. Ki fita tsakar gida ki sha iska ki dawo, ko ki tambayi wanda ya shigo yanzu, za ki ji ɗakin a cike yake. Alamar an yi yawa ita ce ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙaiƙayin maƙogwaro ko idanu su riƙa ruwa. In an ji haka a kashe, a buɗe tagogi. Da hunturu ake fi faɗawa wannan, lokacin da aka toshe ko'ina saboda sanyi da ƙura.

In kin gama ki zubar da sauran ruwan ki goge cikin da tsumma mai laushi. Ruwan da ya kwana biyu a ciki ƙwayoyin cuta ke haihuwa a cikinsa, in kika kunna kuma su za ki fesa wa ɗakin. Sau ɗaya a mako ki zuba ruwa da ɗan khal ki kunna minti kaɗan a waje, ki ɗauraye. Humra da turare mai kauri suna toshe ɗan faifan da ke ƙasan na'urar, ba nata ba ne.

Kasko fa? Kada ki ɗiga wannan man a kan garwashi. Yana kama wuta nan take, harshen ya taso ya lashi hannu ko gefen mayafi, abin da ya ƙone kuma hayaƙi ne mai shaƙe mutum, ƙamshin ya lalace. Turaren wuta an gina shi ne a kan itace da sukari don ya ci a hankali, wannan kuwa babu abin da ke riƙe shi. In kina da ɗan kaskon nan na tangaran mai kyandir a ƙasa, ki cika saman da ruwa tukuna, ki ɗiga 2 ko 3 a kan ruwan, ki kula kada ya ƙafe, kuma ki kashe kyandir kafin ki bar ɗakin. Kwalbar kanta a nisanta ta da risho da gas.

Sirace don mura na manya ne kawai. Ki zuba ruwan zafi a kwano mai faɗin gindi, ki ajiye a kan tebur, ba a cinya ba, ki bari ya ɗan huce minti biyu. Ɗigo 1 na man bishiyar turare, in ya yi yawa 2. Ki rufe ido, fuska ta yi nisan kamar kamu ɗaya da rabi daga ruwan, ki lulluɓa da tawul, minti 5 zuwa 10, kina ɗagawa kina shan iska. Da ganye muka saba yin sirace, shi ya sa wasu ke tsiyaya rabin murfi, sai tururin ya buge su har su kasa numfashi. Yara ba a yi musu, don ƙunar ruwan zafi ta fi murar illa. Mai asma ma ya bari.

Mataki na biyar: shafawa, da lissafin sirki

Ba a shafa shi tsura. Ko labanda da ake cewa mai sanyin hali ce, in aka dinga shafa ta haka nan, wata rana fata na iya yin bore, kuma in ta yi, sau da yawa ta ƙi wannan man ke nan har abada, ko a sabulu ta gamu da shi sai ta tashi. Dole a sirka shi da mai mai maiƙo: man kwakwa, man zaitun, man riɗi ko man kaɗanya. Ruwa ba ya sirka shi, don ba sa haɗuwa.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam a ajiye ido a ɗauko ma'auni. Cokulan shayinmu kowanne da girmansa, don haka ki nemi sirinji marar allura ko ɗan kofin awo da ke zuwa da maganin yara, ki ware shi don wannan aikin kaɗai. Ɗigo 20 shi ne kusan mililita 1. Daga nan lissafin ya fito: ɗigo 1 a cikin mililita 5 na man sirki shi ne kashi 1 cikin 100. Ɗigo 2 a mililita 5 kashi 2 ke nan. A 'yar kwalbar nan mai ƙwallo a baki ta mililita 10, ɗigo 2 kashi 1 ne, ɗigo 4 kashi 2. A mililita 30 kuma ɗigo 6 ko 12.

Babba mai lafiya, don tausa ko shafa jiki, kashi 2 ya isa. Fuska kashi 1 ko ƙasa da haka. Tsofaffi da masu saurin ƙaiƙayi kashi 1. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ɗigo 1 a mililita 10, a baya ko ƙafa, ba a hannun da zai kai baki da ido ba. Wadda ta daɗe tana shafa man bilicin fatarta ta yi siriri, abin da wata za ta jure ita zai ƙone ta, gara ta tsaya a shaƙa. In za ki haɗa kala biyu ko uku, jimillar ɗigon ake ƙirgawa, ba kowanne da nasa 12 ba.

Wasu mayukan suna da nasu iyaka da ta fi wannan tsauri. Kanumfari kada ya wuce ɗigo 1 a mililita 10. Lemongrass, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami, ita ma kusan haka. Man ɓawon girfa kuwa iyakarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba, wato ɗigo guda sai a kusan mililita 70, ni dai a ganina a bar shi daga fata kwata-kwata.

In da man kaɗanya za ki yi, ki sa shi a ƙaramin kwano, ki ɗora kwanon cikin ruwan ɗumi har ya narke. Ki sauke, ki bari ya huce har ya fara yin fari-fari a gefe yana shirin daskarewa, sannan ki ɗiga man ki juya sosai da tsinke mai tsabta. In kin ɗiga yana da zafi, ƙamshin zai bi iska ya bar ki da kaɗanya. In ba ki juya da kyau ba kuma, wani lakacen ba komai, wani lakacen duk ƙarfin na ciki. Ki rubuta a jikin robar ko kwalbar abin da ke ciki da ranar da kika haɗa, ki haɗa kaɗan wanda zai ƙare cikin wata biyu ko uku.

Kafin ki shafa a jiki, ki gwada. Ki ɗan shafa haɗin a cikin hannu kusa da gwiwar hannu, ki bar wurin kwana ɗaya zuwa biyu. In ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙananan ƙuraje, wannan man ba naki ba ne. Kada wani ya ce miki wai dattin jiki ne ke fita, a daure a ci gaba. Fata ce ke ƙonewa.

Sai maganar rana, wadda ta fi shafar mu fiye da mutanen ƙasashen da ake rubuta takardun kwalaben. Man bagamot, wani ɗan'uwan lemo, da na lemun tsami da aka matse daga ɓawo, suna ɗauke da sinadarin da in rana ta doke shi a kan fata yake ƙona ta, har da ƙuraje masu ruwa, ya bar baƙin tabon da kan yi watanni. In kin shafa su, wurin kada ya ga rana sai bayan awa 12 aƙalla. Mafi sauƙi a bar su a difuza. Lemon zaƙi ba ya cikin masu wannan halin.

Don ciwon kai na gajiya, ɗigo 4 na na'a-na'a a kwalbar mililita 10 ta man sirki, a ɗan goga a ƙeya da gefen goshi can kusa da gashi, nesa da ido, a wanke hannu da sabulu. Ciwon kan da ya zo da zazzaɓi, ko ya ƙi tafiya, ko na mai juna biyu, na asibiti ne.

Wanka

In kika ɗiga shi a bokiti, zai tsaya a saman ruwan ne ɗigo-ɗigo, kofin farko da kika kwasa ya kwaso shi tsura ya sauke miki a fuska ko inda ya fi ko'ina laushi. Ki fara haɗa ɗigo 2 ko 3 da cokali ɗaya na sabulun ruwa, ki cuɗa da shi, ki ɗauraye. Ruwan wankan jego a bar shi yadda yake, zafin ruwa yana ƙara wa man kaifi, ga jiki da rauni.

Inda ba ya zuwa ko an sirka

Ido, cikin kunne, cikin hanci, kan rauni ko ƙuna, da al'aura. Wannan na ƙarshen sai an faɗa a fili, don ana tallar haɗe-haɗe na matsi da na sanyi da ake cewa a ɗiga tea tree ko kanumfari a ruwan tsarki ko a auduga a cusa. Fatar wurin ba ta da kariyar da ta waje ke da ita, ƙonewa take yi, ciwon da ake son korewa ya samu ƙofa.

Sannan baki. Ba a ɗiga shi a shayi, ko ruwan sha, ko zuma. Shayin na'a-na'a da kanumfari na ganye da ƙwaya ku ci gaba da sha, wannan daban ne. Cokalin shayi ɗaya na man wintergreen daidai yake da ƙwayar asfirin ta manya sama da 20, ya isa ya kashe ƙaramin yaro. Man bishiyar turare ƙasa da cokali ɗaya yana iya sa yaro jijjiga ko ya suma. Man kanumfari cokali 1 zuwa 2 ya taɓa lalata hantar yara ƙanana. Masu ɗiga kanumfari tsura a ramin haƙori kuma dasashi suke ƙonawa, zafin ya lafa na ɗan lokaci, ramin yana nan yana jiran likitan haƙori.

Ajiya

Zafi da haske da iska su ke lalata shi, mu kuwa a bazara ɗaki kan yi zafin da kwalba ke ɗumi a hannu. Man da ya lalace ba ƙamshi kawai yake rasawa ba, ya fi sabo saurin tayar da fata. Na dangin lemo da tea tree su suka fi saurin tsufa, shekara 1 zuwa 2 bayan buɗewa, a zafinmu ma ƙasa da haka. Labanda da na'a-na'a sun fi su daɗewa, sandal ya fi kowa. Ki rufe murfi da kyau da zarar kin ɗiga, ki rubuta ranar da kika buɗe. In akwai firij, ki sa kwalaben a roba mai murfi ki ajiye can sama, nesa da abinci. In babu, ƙasan durowa mai makulli a ɗakin da ya fi sanyi. Ban da bakin taga, ban da mota. Kada a juye shi a robar ruwa ko ta lemo, yana cin roba, kuma yaro zai ɗauka abin sha ne. Kada a haɗa shi wuri ɗaya da maganin ɗigon ido ko na yara, kwalaben sun yi kama, cikin dare da hasken waya hannu na iya kuskure. In ya yi kauri, ko ya yi gauraye, ko warinsa ya koma tsami-tsami, ya tashi daga na jiki, sai dai a ɗiga a ruwan goge ƙasa a ɗakin da babu mai rarrafe.

In tsautsayi ya faɗa

In ya zuba a fata tana zafi, a goge da tsumma, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a bar wurin ya sha iska. In ya tashi ƙuraje masu ruwa ko wurin da faɗi, a je asibiti. In fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya fara wuya, babu jira.

In ya shiga ido, a buɗe idon a riƙa kwarara ruwa mai tsabta minti 15 cur, daga gefen hanci zuwa waje don kada ya gangara ɗaya idon. Buta ta fi dacewa da wannan aikin. Ba a murzawa. In bayan nan akwai sauran zafi ko gani ya yi dishi-dishi, a nemi likita.

In yaro ya sha, ko kina zargin ya sha don kin tarar da kwalba a buɗe bakinsa na ƙamshi, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Hatsarin irin na kananzir ne: in ya yi amai, man na iya komawa huhu, wannan kuwa ya fi zamansa a ciki muni. A goge masa baki, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da yana wasansa, don alamun kan ɗauki minti talatin zuwa 'yan awanni kafin su bayyana. In barci ya fara ɗaukarsa a hanya a kwantar da shi ta gefe. A tafi da kwalbar a hannu, a faɗa wa ma'aikatan ƙarfe nawa abin ya faru da kuma inda man yake a kwalbar kafin ya taɓa ta.